Tsokar da Baƙuwa Ba Ta Zo da Ita Ba

A mayanka kowa da abin da hannunsa ya sani. Dattijo, haka ake kiransa tun kafin furfura ta fito masa, shi nasa ƙananan dabbobi ne: ɗan rago, ɗan akuya, wani lokaci maraƙi in an kawo. Shekara arba'in da ɗoriya yana tsayuwa wuri guda, kusa da famfo na biyu, har simintin wurin ya lotsa daidai sawun ƙafarsa. In mai dabba ya rantse cewa ragonsa bai cika shekara ba, Dattijo ba ya gardama, ba ya ma buɗe bakin ragon ya duba haƙori. Sai an yanka an rataye a ƙugiya, ya tsaga daga maƙogwaro zuwa ƙirji, ya zura yatsu biyu bayan ƙashin. Akwai wata tsoka a nan, fara-fara, mai laushi kamar kitse. A jikin ƙaramar dabba takan cika tafin hannu. Dabba na girma tana shanyewa, har a tsohuwar tunkiya ka neme ta ka rasa.

In ya laluba ya ji wayam, sai ya dubi mai dabbar ya ce, "Malam, wannan ɗan ragon naka ai ya ga jikokinsa."

Ubansa ne ya nuna masa ita, shi ne kuma ya raɗa mata suna tsokar ƙuruciya. Ba wanda ya san amfaninta a mayankar. Wani lokaci ta bi huhu a sayar, wani lokaci a jefa wa kyanwoyin da ke zagaye magudanar ruwa.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya shigo wurin. Duk sabon shiga da bokiti da tsintsiya yake farawa, manya kuwa suna kallo ta wutsiyar ido. Mai kafaɗa a miƙa masa gatari ya je ga ƙasusuwan shanu. Mai sanyin hannu a ba shi wuƙar fiɗa. Mai haƙuri a tura shi wankin kayan ciki. Wanda bai dace da ko ɗaya ba, ko aka ga yana wasa da wuƙa kusa da mutane, a sallame shi, kuma waɗanda aka sallama sun fi waɗanda suka zauna yawa nesa ba kusa ba. Da hannu ya kama abu ɗaya kuwa, magana ta ƙare. Wata guda suka shigo da abokinsa, shi aka ba shi wuƙa, abokin aka ba shi gatari, har sunan Mai Gatari ya bi shi. Tun daga nan suke tsokanar juna. Mai Gatari yana ce masa tela, wai aikinsa ɗinki ne a juye. Shi kuma yana ce masa mai faskare.

Matarsa ta rasu 'yarsu ta ƙarshe tana da shekara tara. Manyan 'ya'yan sun watse neman abinci, ya rage daga shi sai Auta a ɗaki biyu. Shi ya koyi yi mata kitso, mummuna, har maƙwabciya ta ji tausayi ta karɓa. Da ta girma ta auri wani direba, ya tafi da ita garin da sai an yini a mota ake kaiwa. Ranar da ta haihu ta kira shi a waya, muryarta a dashe.

"Baba, an yi baƙuwa."

"Madalla! Ki ce mata kakanta na nan tafe. Bari dai ta yi ƙwari, kada in tsorata ta da wannan fuskar."

Sai aiki ya yi yawa. Da aiki ya lafa, gwiwa ta tashi. Yau ne, gobe ne, har wata uku. A bakinsa sunan ya zauna, ko yaushe ya kira sai ya ce, "Yaya Baƙuwa?" Auta ta ce bakin yarinyar ya yi fari fat, an ba da magani. Wani makon ta ce gudawa. Wani makon tari. Ƙarshenta Baƙuwar ce ta zo garinsu, a motar asibiti.

A hawa na uku suka kwantar da ita, a wani ɗaki mai ƙofa biyu da tagar gilashi. Dattijo ya zo kai tsaye daga mayanka, ya canza riga dai. Ya kai hannu ga ƙofa, wata nas doguwa ta tare shi.

"Ina zuwa, Baba?"

"Jikata ce a ciki."

"Ko jikar wa ce, uwarta kaɗai ke shiga. Wane aiki kake yi?"

"Fawa."

Ta ja da baya taki ɗaya. "To kai kam, ko kowa ya shiga ban da kai. Ga gilashi nan."

Ta gilashin ya fara ganinta. 'Yar mitsitsiya, da siririyar roba a hanci, gashin kanta kwance luf irin na kakarta. Auta na zaune gefe da takunkumi a fuska da safar hannu, idanunta kaɗai ake gani. Ta ɗaga masa hannu. Abin da yake so bai wuce ya ɗauki yarinyar ya ji nauyinta a hannunsa ba.

Kwana biyu bayan haka likitar yara ta kira su ofishinta, shi da mijin Auta. Mace ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta juya wata takarda ta kama zane a bayanta.

"Baba, ka san ɓargo?"

"Haba Likita, mahauci kike tambaya ɓargo?"

Ta yi ɗan murmushi. "To, a cikin ɓargo ake haifar ƙwayoyin jini. Wasu sukan fito ba su da sana'a tukuna, suna iya zama abubuwa da dama. Sai su bi jini su tafi wani ɗan wuri a nan." Ta taɓa saman ƙirjinta. "Bayan ƙashi, a gaban zuciya. Mu muna ce masa taimos. Da ƙwaya ta shiga, bangon wurin ya taɓa ta, sauran hanyoyin da za ta iya bi sai su rufe, ta zama abin da muke kira ƙwayar T, cikin masu tsaron jiki. A can ciki kuma a sake raba su. Wannan ta zama mai kashe duk ƙwayar da cuta ta shiga. Wannan ta zama mai kira, ita ke tayar da sauran masu tsaro ta nuna musu inda za su. Wasu kaɗan aikinsu rabon faɗa, don kada masu tsaro su juya kan jikin da suke tsaro. Wadda ba ta iya komai ba, da wadda ta nuna za ta kai wa gida hari, a nan suke mutuwa. Mafi yawansu ba sa fitowa. Wadda ta fito kuwa, da sana'arta ta fito, ba ta komawa baya."

"Mayanka ke nan," in ji Dattijo a hankali.

Likita ta ɗaga hoton ƙirjin Baƙuwa wajen haske. Ta ce a hoton kowane jariri akan ga inuwar wurin a nan, sama da zuciya. Ta zagaya da biro. Babu komai. Ta ce gwajin jini ma ya nuna haka, ƙwayoyin T ba su kai a ƙirga ba. Yarinyar ba ta zo duniya da wurin ba.

Dattijo ya daɗe yana kallon hoton. Ya san haƙarƙari, ya san inda zuciya take kwanciya.

"Likita, abin nan fari ne? Mai laushi, kamar an haɗa biyu? In an girma ya shanye?"

Ta ajiye biron. "Ka taɓa gani?"

"Wanda na jefa wa kyanwa ya fi dubu."

Can ya tambaya ko ɓargon yarinyar ma ya lalace. Ta ce a'a, ɓargonta lafiya lau, kullum yana turo sababbin ƙwayoyi. Suna isowa ne su tarar ba inda za su shiga. Wannan maganar ita ta bi shi gida. A ransa ya riƙa ganin sababbin shiga da bokitansu sun yi sammako, sun iso, sun sami fili fetal, ba katanga, ba ƙugiya, ba babban da zai dube su ya ce kai je can. Gobe ma wasu su zo.

Magani akwai, in ji likita, amma a wurare ƙalilan a duniya, a ƙasashe masu nisa. In ana yi wa wani jariri fiɗar zuciya, tsokar takan tare wa likitoci hanya, sai a yanke wani sashe. Wannan da za a zubar, shi ake reno na wasu makonni, a yanka shi siriri siriri, a dasa a cinyar yaron da ba shi da ita. Ta riga ta rubuta musu. Sai a jira amsa.

"Ashe ku ma fiɗa kuke yi," in ji Dattijo. Daga duk bayanin, abu uku ya riƙe gam: a yanko, a yanka siriri, a dasa.

Mako biyu ba amsa. Ya ba Mai Gatari labari suna wasa wuƙaƙe da safe.

"Tsaya, tela. Abin da kake jefa wa kyanwa shi ake jira daga bayan teku?"

"Shi fa. Amma na mutum."

"Tsoka ai tsoka ce. Huhun rago da na mutum, wa ya bambanta su in ba girma ba? Su masu farar riga in abu bai zo a jirgi ba, ba magani ba ne a wurinsu. Ruwa na ƙofar gida kana tafiya rafi."

Maganar ta sami wurin zama a ran Dattijo. Kullum goma, goma sha biyu suna bi ta hannunsa, cikakku, masu ɗumi.

Ranar Talata ya zaɓi ɗan rago ɗan wata uku, lafiyayye, sa'an Baƙuwa. Ya tafasa sabuwar wuƙa a ruwa. Ya wanke hannu har gwiwar hannu sau uku. Ya tsaga a hankali, ya bi gefen tsokar da bakin wuƙa yana ɗaye tantanin, ya ɗago ta ɗungurungum, ko ƙwarzane babu. A shekara arba'in bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Ya naɗe ta a sabuwar leda, ya shimfiɗa a kan ƙanƙara a cikin wata 'yar kula, ya rungume kular a cinya a cikin bas, yana kare ta daga gwiwoyin mutane.

Doguwar nas ce a bakin ƙofa.

"Baba, ba a hawowa da abinci nan."

"Ba abinci ba ne, 'yata. Kira mini likita. Na kawo abin da ake nema."

Ya buɗe kular. Nas ta leƙa, ta dafe ƙirji.

"Ɗanyen nama! A nan? Baba, kashe ta za ka yi? Rufe! Sauka da shi!"

Mutanen da ke kan benci suka miƙe suna leƙe. Wani ya yi dariya. Ta cikin gilashi Auta ta ga kular, ta ga ubanta tsaye da murfi a hannu, ta gane. Ta buɗe ƙofar ciki ta tsaya a tsakanin ƙofofin biyu, muryarta na fitowa ta takunkumi.

"Baba, don Allah. Abin da nake ciki bai isa ba?"

Ta koma ta juya wa tagar baya.

Likita ce ta sauko da shi ƙasa, suka zauna a wani benci bayan ginin, inda ake shanya zannuwan gado. Ta ce ya buɗe ta gani. Ta duba da kyau, ba ta yamutsa fuska ba.

"Ban taɓa ganin wanda aka cire da kyau haka ba."

"Ɗan wata uku ne. Ban bari wuƙa ta taɓa ta ba. In kina so in yanka miki siriri, zan yanka har ki ga haske ta ciki."

"Na yarda, Baba. Amma ba za ta rayu a jikin mutum ba. Ko da ta rayu, ƙwayoyin jikarka ba sa jin yarenta. Ita ƙwayoyin rago ta san yadda za ta koyar. Kuma 'yar ƙwayar cutar da ke jikin tsokar, wadda ni da kai ba za mu ko yi atishawa a kanta ba, ta isa ta tafi da yarinyar."

"To a dafa wa uwar ta ci, ya bi ta nono."

"Ciki zai narkar da ita kamar kowane nama."

Ya rufe kular. Ya ce, "Ke nan duk wanda na zubar..." Bai ƙarasa ba. Likita ta zauna tare da shi har aka zo kiranta.

Kafin ya kai mayanka ƙanƙarar ta narke, ruwa na kaɗawa a cikin kular. Mai Gatari na wanke gungumensa. Ya dubi kular, ya dubi fuskar abokinsa. Ya karɓi kular ya zagaya baya da ita, ya dawo da ita a wanke.

Daga nan Dattijo ya shiga zaman gilashi. Kullum in ya tashi aiki ya je gida ya yi wanka biyu, ya goge ƙarƙashin farce da lemun tsami har fatar ta tsage, ya sa rigar da ba ta taɓa zuwa mayanka ba, ya hau bas. Ba wanda ya ce in ya yi haka za a bar shi ya shiga. Yana yi ne ko da wata rana. Ya tsaya a taga daga la'asar har a kori masu dubiya. Auta ta huce bayan kwana uku, ta riƙa ɗago yarinyar tana juyo da fuskarta wajensa. Ya riƙa ƙwanƙwasa gilashin da farce yana yi mata gwalo. Sau ɗaya ta yi kamar za ta yi dariya, tari ya katse.

Amsa ta zo Baƙuwa tana cikin wata na biyar da haihuwa. Sun yarda su karɓe ta, amma sai huhunta ya washe, ta yi ƙarfin doguwar tafiya. Likita ba ta ɓoye musu ba: ko an dasa yau, sai an yi watanni kafin ƙwayoyin farko su gama koyo su fito. Mijin Auta ya ajiye mota ya shiga zirga-zirgar takardu. Huhu ya washe mako guda, har aka fara maganar rana. Sai gudawa ta dawo. Aka tsayar da gudawa, huhu ya sake cika. Aka canza magani, aka sake canzawa. Hannayen yarinyar suka ƙare da huda, aka koma neman jijiya a kai. Takardun tafiya suka kammala suna cikin jakar Auta, a ƙarƙashin gado.

Wata Alhamis a wata na bakwai ya hawo kamar kullum. Doguwar nas ta taso daga kujerarta. Ba ta tare ƙofa ba, buɗewa ta yi.

"Baba, shigo ka ɗauki jikarka."

Ya kai hannu ga kwalin takunkumi da ke kan teburi. Wata huɗu yana kallon yadda ake ɗaurawa.

"Bar shi," in ji nas, ba ta dube shi ba. "Shiga haka nan."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Ba sai an gaya masa ba.

An cire mata robar hanci. Auta ma fuskarta a buɗe, ta rame har ya ga uwarta a kwanakinta na ƙarshe. Ta ɗauko yarinyar ta sa masa a hannu.

"Ga baƙuwarka, Baba. Wata bakwai tana jiranka."

Hannunsa sikeli ne, duk mayanka an sani, ba ya kuskure da ko rabin kilo. Ya yi ƙoƙari kada ya auna, amma hannun ya riga shi. Ba ta kai kilo huɗu ba. Jikinta da zafi, numfashinta gajere, kamar ana jan zare. Ya zauna a bakin gado. Babban yatsansa ya tafi da kansa ya sauka a ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaronta, saman ƙashin ƙirji, ya tsaya a nan. Yarinyar ta buɗe ido ta dube shi, ta kama ɗan yatsansa mai tabo, ta riƙe.

"Sannu, Baƙuwa," in ji shi. "Ni ne mai gwalon nan. Na makara."

Ya riƙe ta har lokacin dubiya ya wuce, ba wanda ya zo korarsa. Ranar Asabar da hantsi ta cika.

Da ya koma aiki bayan mako guda, ya je wurin shugaban mayanka ya ce a mayar da shi wajen manyan shanu. Tsofaffi yake so, waɗanda in an tsaga ƙirjinsu ba abin da za a tarar. Shugaba ya yi mamaki, amma ya ga idonsa ya ƙyale. Mai Gatari ya miƙa masa gatarinsa na biyu ya nuna masa gungume.

Kwana uku ya yi. Saransa ba ya sauka wuri guda sau biyu. Ƙashi ya riƙa tarwatsewa cikin nama, masu saye suna mita. A rana ta uku kafaɗarsa ta ƙi ɗaguwa, gatari ya goce ya kusa samun ƙafar abokinsa. Mai Gatari ya karɓe shi daga hannunsa a hankali.

"Tela, wannan ba hannunka ba ne. Tun muna yara aka raba mu. Koma famfonka."

Washegari ya tsaya a famfo na biyu, ƙafafunsa suka faɗa cikin lotsawar simintin. Wani mutum ya jawo ɗan rago yana rantsuwa bai cika wata huɗu ba. Aka yanka, aka rataye. Dattijo ya tsaga daga maƙogwaro zuwa ƙirji. Bai yi niyya ba, yatsun nan biyu suka shige bayan ƙashi. Tana nan, cikakkiya, da ɗuminta, ta cika masa tafi.

"Yaya, Dattijo?" in ji mai ragon. "Na yi ƙarya?"

"Ba ka yi ba," in ji shi. "Ƙarami ne."

Kyanwoyi biyu sun riga sun zo sun zauna a bakin magudana suna kallon hannunsa.